Daga Senti 10 Zuwa Dala Miliyan 6: Abin da Ke Yanka wa Tsohon Komik Farashi

A watan Afrilun 2024, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da wata 'yar tsohuwar mujalla a kan dala miliyan 6. An buga mujallar a 1938, a kan takardar jarida mai araha, kuma senti 10 aka rubuta a bangonta. Sunanta Action Comics, fitowa ta 1. A jikin bangon an zana wani ƙato da shuɗin kaya da jan mayafi, ya ɗaga mota sama yana ƙwala ta da dutse, mutane na ta gudu. A nan duniya ta fara ganin Superman.

Irin waɗannan mujallu su ake kira komik, wato labari cikin zane, gida-gida, ana rubuta maganar kowa a kusa da bakinsa. Amurkawa sun yi su kala-kala, na soyayya da na ban tsoro da na 'yan kaboyi, amma waɗanda suka fi ɗaukar kuɗi a yau su ne na sadaukai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin takardar da aka yi don yaro ya karanta ya jefar ta kai kuɗin unguwa guda, akwai abubuwan da suka haɗu, kuma na farkonsu shi ne wannan jefarwar.

An ce kwafi kimanin 200,000 aka buga na waccan fitowar ta farko. Masana harkar suna ƙiyasta cewa waɗanda suka rage yanzu ba su wuce ɗari ba. Ina sauran? Yara sun naɗe su sun cusa a aljihu, sun yi musayarsu hannu zuwa hannu har suka yage. Waɗanda suka yi kwantai a shago, mai shago yakan yage bangon ya mayar wa dillalin kamfani a matsayin shaida, sauran takardun kuma a zubar. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarshen 1941, aka riƙa bin gida-gida ana tara tsofaffin takardu domin a sake sarrafa su, kuma yara ne kan gaba wajen tarawa, suna ganin hidimar ƙasa suke yi. Bayan yaƙi sai wata iska ta taso, iyaye da malamai suka ce komik ne ke lalata tarbiyya. A 1948 an tara su an cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton a jihar New York. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana ɗora musu alhakin fitinar matasa, Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraren bahasi, kamfanonin kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa don kada a murƙushe su. Abin da ya tsallake duk waɗannan, sau da yawa uwa ce ta share shi ranar da ɗanta ya bar gida ya tafi soja ko jami'a.

Mai karatu na iya gwada wannan da abin da ya sani. A watan Janairun 1939, shekarar da Batman ya fara fitowa a Detective Comics ta 27, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Gida nawa ne a ƙasar Hausa za a shiga yau a tarar da fitowarta ta farko lafiya lau? An karanta, an ba maƙwabci, an naɗe ƙosai da ita, gara ta cinye ragowar. Ba wanda ya yi laifi, don ba a yi ta domin ajiya ba. Haka komik ya kasance a wurin Amurkawan wancan zamani.

Wannan shi ne abin da masu shigowa harkar da neman riba suka kasa ganewa a farkon shekarun 1990. Labari ya bazu a jaridu cewa tsofaffin komik sun zama dukiya, sai jama'a suka ruga shaguna suna sayen sababbi biyar-biyar, goma-goma, suna sa su a leda suna ɓoyewa don kuɗin makarantar 'ya'ya. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, suka biya musu buƙata. A 1991 Marvel, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin komik, ta fitar da sabuwar X-Men fitowa ta 1, zanen Jim Lee, da bango iri biyar, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8. A ƙarshen 1992 kamfanin DC, mai buga Superman, ya kashe shi a fitowa ta 75, ya rufe wasu kwafin a baƙar leda, mutane suka yi dogon layi. Bayan 'yan watanni Superman ya dawo da rai. Kowa yana da kwafi, kowa nasa sabo fil, to wa zai saya a hannun wa? Kasuwar ta rushe, shaguna da yawa suka rufe, Marvel kanta ta kai ƙarar karayar arziki gaban kotu a Disambar 1996. Har gobe ana samun waccan X-Men ɗin a kwandon arha a kan 'yan daloli. Abin da mutum miliyan suka adana da gangan ba ya ƙaranci.

Ƙaranci kaɗai kuma bai isa ba. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan kasuwar tsufa shi kaɗai ba ya magani. Akwai komik na shekarun 1940 da suka fi Action Comics wuyar samu, amma ba mai nemansu, domin jarumin cikinsu ya mutu tare da kamfanin da ya ƙirƙiro shi. Dole a samu masu so, kuma abin da masu so suka fi bibiya shi ne fitowar farko ta jarumin da har yau ake yayinsa. Shi ya sa lambar da ke bango ba ta da wani tasiri a kan kanta. Batman a ta 27 ya fito. Spider-Man kuwa a Amazing Fantasy ta 15 ya fito, a Agustan 1962, kuma ita ce fitowar ƙarshe ta mujallar da ake shirin rufewa. Marubuci Stan Lee da mai zane Steve Ditko suka saka shi a ciki, aka sayar senti 12. A 2011 wani kwafinta mai kyau ƙwarai ya tashi a dala miliyan 1.1, a Satumbar 2021 kuma aka sayi wani mai irin wannan kyan a dala miliyan 3.6. Fitowa ta 14 ta wannan mujallar, wadda ta girme ta da wata guda kacal, ba ta ko kama ƙafarta ba.

Wani lokaci har gardama ake yi a kan mene ne fitowar farko. Wolverine ya leƙo a gidan zane na ƙarshe na The Incredible Hulk ta 180 a 1974, sannan ya fito sosai a ta 181, har da hotonsa a bango. A hankalce ta 180 ce ta farko, amma kasuwa ta zaɓi ta 181, kuma ita ce ta ninka 'yar'uwarta kuɗi. Ni a ganina bangon ne ya yanke hukunci, don mai tarawa yana son abin da zai ɗaga a gani daga nesa a gane.

Masu tarawa sun raba tarihin gida-gida. Daga 1938 zuwa tsakiyar shekarun 1950 suna ce masa Zamanin Zinariya, a cikinsa ne aka yi Captain America Comics ta 1 a 1941, wadda Joe Simon da Jack Kirby suka zana jarumin yana kai wa Hitila naushi tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba. Zamanin Azurfa ya faro daga Showcase ta 4 a 1956, inda aka sabunta Flash, ya haɗo da haihuwar jaruman Marvel a farkon shekarun 1960. Na Tagulla ya biyo baya daga wajen 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Amfanin wannan rabon ga mai saye shi ne ya san yadda zai auna: a Zamanin Zinariya samun kwafin ma nasara ce ko da ya sha jiki, a na Tagulla kuwa kwafi na da yawa, sai wanda ya fi kyau ake magana.

Fim yana rura wutar so, amma wutar kara ce. Black Panther, sarkin Wakanda, ƙasar almara da aka ce tana Afirka, ya fara fitowa a Fantastic Four ta 52 a Yulin 1966. Shekaru da dama ana samun wannan fitowar da sauƙin kuɗi idan aka gwada da takwarorinta. Da aka sanar za a yi fim ɗinsa, aka kuma fitar a 2018 ya karɓu a duniya, sai farashinta ya yi tsalle. Ita tana da tushen da za ta tsaya a kai, domin tana da muhimmanci a tarihi ko babu fim. Amma akwai ɗimbin ƙananan jarumai da jita-jitar fim ta ɗaga komik ɗinsu na wata uku, fim ya fito bai yi armashi ba, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka kwana ciki. Akwai kuma abin da ya fi fim ƙarfi, wato begen ƙuruciya. Mutum ya kai shekara arba'in ko hamsin, ya samu abin hannu, sai ya koma neman abin da ya karanta yana ɗan shekara goma. Komik na 'yan kaboyi sun taɓa yin tsada, da tsarar da ta tashi da su ta fara ƙarewa, sai kasuwarsu ta yi sanyi. Sa'ar Superman da Batman da Spider-Man ita ce kowace tsara tana sake saninsu.

Sai batun lafiyar takarda, kuma a nan ne kuɗi ke shiga yana fita fiye da ko'ina. Takardar da aka buga tsofaffin komik a kai daga niƙaƙƙen katako aka yi ta, tana ɗauke da sinadari mai tsami da ke cin ta daga ciki. Zafi da haske da laima suna hanzarta wannan cin. Fara ce da farko, sai ta koma ruwan madara, sai ruwan ƙasa, daga ƙarshe ta bushe ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. 'Yan ƙarafa biyu da aka ɗinke mujallar da su a tsakiya sukan yi tsatsa su ɓata takardar da ke kewaye. Rana tana kashe jan launi. Kowane buɗewa yana barin ɗan tabo a gadon bayan mujallar. Yaro ya rubuta sunansa a bango, mai shago ya buga hatimin kwanan wata, ɓera ya ɗan gutsuri kusurwa, duk ana lissafawa.

A da, mai saye da mai sayarwa su ke ja-in-ja a kan wannan. Tun 1970 Robert Overstreet ya fara fitar da kundin farashi na shekara-shekara, wanda ya ba kowa ma'auni ɗaya, amma abin da dillali ya kira mai kyau ƙwarai, mai saye yana iya ganinsa matsakaici, balle idan ta gidan waya aka yi cinikin ba a ga kaya ba. A shekarar 2000 aka buɗe kamfanin CGC, wanda yanzu yake Sarasota a jihar Florida. Kana aika musu komik ɗinka, su ƙirga shafuka, su duba ko an taɓa shi da gyara, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan su rufe shi a cikin gidan roba mai tauri wanda ake gani ta ciki, da takardar shaida a sama. Suna kuma wallafa ƙidayar kwafi nawa suka ba kowane maki. Wannan ƙidayar ta canja kasuwa, domin yanzu mai saye na iya sanin cewa kwafi huɗu ko biyar ne kawai aka taɓa gani a wani matsayi, babu wanda ya fi su.

Farashi ba ya hawa daidai da maki kamar matakala. A ƙasa, bambancin maki ɗaya ƙaramin abu ne. A can sama kuwa, tsakanin 9.4 da 9.6, ko 9.6 da 9.8, kuɗi na iya ninkawa, alhali bambancin ɗan lanƙwasa ne da sai an karkata bangon a gaban fitila ake ganinsa. Masu kuɗi suna takara ne a kan mallakar wanda ya fi na kowa.

A 2013 wani magini yana gyaran tsohon gida a garin Elbow Lake na jihar Minnesota, ya fasa bango, sai ya tarar da Action Comics ta 1 a cikin tsofaffin jaridun da aka cusa don tare sanyi. Ta shekara saba'in da wani abu a wurin. Cikin murna da ja-in-ja da wata 'yar'uwa ta wajen matarsa, aka fizgi mujallar, bangon baya ya yage. Aka ba ta maki 1.5, aka sayar dala 175,000. Masu gwanjon sun ce wannan yagewar ta daƙiƙa ɗaya ta rage mata kimanin dala 75,000. Labarin yana nuna abu biyu a lokaci guda: girman hasarar da ƙaramin lahani ke jawowa, da kuma cewa idan komik ya kai wani matsayi, ko ragargajajje ne yana da mai saye.

Akwai lahanin da ba a gani daga waje. A tsakiyar shekarun 1970 Marvel ta riƙa buga wani ɗan kan sarki na talla a cikin mujallunta, tana ce wa yara su yanke su tara. Ɗaya daga cikin waɗanda ke ɗauke da shi ita ce Hulk ta 181 ɗin nan ta Wolverine. Yara masu biyayya suka sa almakashi. Yau kwafin da aka yanke wa wannan ɗan murabba'in yana rasa kaso mai yawa na kuɗinsa, ko da bangonsa na sheƙi.

Launin takardar shaidar CGC ma magana ce. Shuɗiya na nufin ba a taɓa shi ba. Rawaya na nufin an sa hannu a kai a gaban wakilinsu. Koriya na nufin akwai wani babban aibi guda da aka keɓe, kamar wancan yankan. Shunayya ita ce ta kwaskwarima: an cike launi da alƙalami, an liƙe yagewa da gam, an ƙara takarda, ko an datse gefe da reza don ya yi kaifi. Wanda bai san harkar ba zai zaci gyara ƙarin daraja ne, amma a nan ragi ne, sau da yawa ragi mai tsanani. Abin da ya rage ana taƙaddama a kai shi ne guga, wato a danne mujalla da zafi da ɗan tururi don lanƙwasa ta miƙe. CGC ba ta ɗaukar wannan a matsayin kwaskwarima tunda ba a ƙara komai ba, don haka ya zama sana'a: a sayi mai 9.2, a goge, a sake aikawa, a yi fatan 9.6. Ni dai ina ganin ya kamata a riƙa gaya wa mai saye, domin yana biyan kuɗin takardar da ya ɗauka haka ta tsallako shekaru da kanta.

Gidan robar nan ma yana damuna, ko da na san amfaninsa. Ya kawo aminci, ya sa mutumin Tokyo zai iya saye daga mutumin Chicago bai taɓa kayan ba. Amma komik ɗin da aka rufe ba ya karantuwa. Ka fasa robar, makin ya tashi a banza. Aikin da Kirby ko Ditko suka yi a shafi ashirin na ciki ya koma abin da ba mai sake gani, sai bango da lamba. Sauƙin abin shi ne kamfanonin sun sake buga yawancin tsofaffin labaran a manyan kundaye masu araha, don haka mai son karatu bai rasa ba.

Asalin kwafi, wato hannun da ya fito, shi ma yana ƙara kuɗi. Mafi shahara shi ne tarin Edgar Church, wani mai zanen talla a birnin Denver, wanda ya riƙa sayen kusan kowane komik da ya fito tun daga ƙarshen shekarun 1930 har cikin shekarun 1950, yana jibge su a ɗakin ƙasa na gidansa. Denver tana kan tudu, iskarta busasshiya ce mai sanyi, ɗakin ba haske, nauyin jibgin kuma ya danne su sun miƙe. A 1977 wani matashin mai shago, Chuck Rozanski, ya saye tarin, kwafi tsakanin 18,000 da 22,000, da yawansu fari tas kamar jiya aka buga. Har yau kwafin da aka tabbatar daga wannan tarin ya fito yana fin takwaransa mai maki ɗaya kuɗi. Labari ma yana ƙarawa. An sace Action Comics ta 1 daga gidan ɗan wasan fim Nicolas Cage a shekarar 2000, aka tsince ta a wani ɗakin ajiya na haya a Kalifoniya a 2011, a ƙarshen shekarar aka sayar da ita dala miliyan 2.16.

Inda kuɗi ya taru, mazambata ba sa nisa. A 1974 DC ta sake buga Action Comics ta 1 a babban girma, da ƙarin bango a waje mai bayyana cewa maimaici ne. Sai wasu suka riƙa cire bangon wajen suna kai wa marasa sani. Mai ido yana ganewa daga girman kawai, domin ta fi ta asali tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Kuma kada alƙaluman gwanjo su ruɗi kowa. Kuɗin da ake sanarwa ya haɗa da ladan kamfanin gwanjo, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da aka taya, ga kuɗin tantancewa da inshora da aikawa. A 2020 da 2021, lokacin kullen korona, farashi ya yi tashin gwauron zabo, daga 2022 kuma yawancin matsakaitan komik suka sauko sosai. Na ƙololuwa ne kawai suka riƙe.

A Najeriya ma an taɓa yin irin wannan sadauki. Daga 1975 zuwa wajen 1977 an riƙa sayar da wani komik mai suna Powerman, wanda aka shirya musamman don masu karatu na Najeriya, kuma waɗanda suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, 'yan Ingila ne da daga baya suka zama manya a wannan fage. Duk wanda ya ci karo da irinsa a tsohuwar adakar gida, ya sani cewa yanayinmu abokin gābar takarda ne: zafin bazara, laimar damina, ƙurar hunturu, ga gara da kyankyaso. A raba shi da ƙasa da jikin bango, a sa shi a leda mai kauri da kwali a bayansa, a ajiye a inuwa inda iska ke da sanyi. Kada a liƙa masa salatif, kada a kai shi a manne masa roba da zafi irin yadda ake yi wa takardun makaranta, domin wannan ba ya ciruwa, kuma a wurin masu tarawa ya gama lalacewa.

Akwai mutum biyu da bai kamata a rufe wannan magana ba a ambace su ba. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari daga Cleveland a jihar Ohio, su suka ƙirƙiro Superman, suka yi shekaru suna yawo da shi ana ƙi. A Maris 1938 suka sayar wa kamfanin da daga baya ya zama DC labarin farko tare da dukkan haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Da suka kai ƙara a 1947 suna neman a mayar musu, suka rasa aikinsu, aka cire sunayensu daga mujallar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a ƙarshen 1975, bayan 'yan'uwansu masu zane sun tayar da ƙura ana shirin fim, kamfanin Warner, wanda ya mallaki DC, ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, ya kuma mayar da sunayensu. A lokacin idon Shuster ya kusa tafiya. Ya rasu a 1992, Siegel ya bi shi a 1996. Cakin bankin da aka rubuta musu a 1938, wanda dala 130 ɗin ke ciki, wani ma'aikacin kamfanin ya adana shi, kuma a Afrilun 2012 aka yi gwanjonsa a kan dala 160,000.